Wasiƙa daga Kumamoto: awon ciki, kifi da zaiba

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, a gaida mini Inna da yara. Ka tambayi yadda awon cikin mai ɗakina yake a nan Japan. Alhamdu lillahi. Ranar da muka sanar da ofishin gari aka ba ta littafin lafiyar uwa da jariri, da takardun rangwamen kuɗin awo har sau 14. Amma abin da ya tsaya mini a rai wata 'yar takarda ce a kan kifi. An zana manyan kifayen teku, irin babban tuna da mai bakin takobi, aka ce kada mai ciki ta ci fiye da giram 80 a mako. A kanti ma kowane yanka da rubutun inda aka kamo shi. A gida kuwa tarwada ce a tire, ka taya a sallama maka.

Zaiba ce dalili. Garin Minamata yana cikin jihar da muke. A 1956 aka gano cutar da ta ɗauki sunan garin, bayan masana'antar Chisso ta yi shekaru tana zuba dagwalon zaiba a teku. Kyanwoyi suka fara tangaɗi suna faɗawa ruwa, sannan masunta: hannu ya sage, magana ta sarƙe, gani ya ƙuntace. Uwa garau, jaririnta ya zo da ƙwaƙwalwa a lalace.

Na zauna na karanta yadda jiki yake kare kansa. Allah Ya sanya mana wani ɗan ƙaramin furotin, metalotayonin, cike da farar wuta. Aikinsa na kullum riƙe zinki da tagulla, ƙwaya ɗaya takan rungumi zinki 7. Da zaiba ta shigo sai ya saki zinkin ya cafke ta, don tana matuƙar manne wa farar wuta. A ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da ke yi wa jijiyoyi hidima su suka fi samar da shi. Sai dai zaibar kifi mayaudariya ce. Takan maƙale wa wani sinadarin abinci ta yi kama da shi, mai gadin ƙofar ƙwaƙwalwa ya buɗe mata, kuma ba ta zaburar da furotin ɗin sosai. Idan ta yi yawa sai ta fi ƙarfinsa, na cikin ciki kuwa shi ya fi kowa cutuwa.

Shi ya sa a nan dogon ƙwan fitila da tsohon ma'aunin zafin jiki, da yake akwai zaiba a cikinsu, ba sa shiga shara, ranar kwasarsu daban. A Minamata ma rarraba shara ake yi har sama da iri 20.

Hankalina yana kan yaranmu da ke aikin zinare wajen Anka. Na ga suna murza zaiba da hannu, su ƙona dunƙulen a tsakar gida, hayaƙin kuwa kusan kashi 80 cikin 100 na wanda aka shaƙa jini yake shiga. Ba mu manta da dalma ba, yara sama da 400 ta kashe a Zamfara a 2010. Don Allah, Yaya, ka sa baki su fitar da ƙunan bayan gari, nesa da mata da yara. Ka kuma ce wa Anti ta raba 'yan matan gidan da man bilicin ɗin nan marar lambar NAFDAC, wasu akwai zaiba a ciki.

Haihuwa sai bayan Sallah in Allah Ya kai mu, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka.