Sandar hana mota karkata a kwana: ta baya ko ta gaba?

Idan guda ɗaya za ka sauya a gida, ni dai ta baya nake zaɓa, musamman a motar da tayoyin gaba ke ja. Sanda mai kauri a baya tana rage turjiyar gaban mota a kwana, wato yadda gaban ke neman miƙewa maimakon bin kwanar, sai ka ji sitiyari na bin hannunka. Amma a yi hattara: in kaurin sandar ya tashi daga milimita 22 zuwa 25, taurinta na ƙaruwa da kusan kashi 67 cikin ɗari, in ya yi yawa bayan motar zai zame a jiƙaƙƙiyar hanya.

Ta gaba kuwa ƙara turjiyar take yi, ga wahalar cirewa, wani lokaci sai an sassauta firam ɗin ƙarƙashin injin. Kowacce ka ɗaura, shafa wa bushin (zoben da ke riƙe sandar) giris ɗin da ya dace da shi, kuma kada ka tamke notuna sai nauyin motar ya sauka kan tayoyi.