Na'urar auna numfashi ta yatsa: ta yi, amma da sauranta

Saboda ƙanina mai asma na sayi 'yar na'urar nan a wani kemis a Sabon Gari, don in hunturu ya kama, ƙurar Zariya ba ta barinsa barci. Ƙananan batura biyu take ci. Ka maƙala a yatsa, nan take ta nuna yawan oksijin a jini da bugun zuciya. Mai lafiya takan nuna masa oksijin kashi 95 zuwa 100. In ta yi ƙasa da 92, a nufi asibitin koyarwa na Shika kawai.

In hannu ya yi sanyi sai lambobin su yi ta rawa. Farcen Yayarmu da ya sha baƙin lalle kuwa, ƙin karanta shi ta yi.

Babban aibinta, ba ta faɗar dalili. Matashi na zaune ƙalau numfashi ya sarƙe, zai iya zama namoniya, ko gudan jini a huhu, ko ciwon ƙirjin masu sikila, ko huhun ya sace, wanda ya fi samun dogayen samari sirara. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareto ma, sai ta nuna lafiya lau alhali yana cikin haɗari. Ga mai asma dai ta biya kuɗinta, muddin inhela na aljihu.