Wane Batir Ya Dace da Motar da Za a Mayar ta Lantarki a Kaduna?

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ake ƙara samun masu tsofaffin motoci a Kaduna da ke tunanin sauke injin fetur su ɗora na lantarki, musamman masu Golf da masu Peugeot 504, wato Fijon nan da aka daɗe ana haɗawa a Kakuri. Aikin ƙarfe ba shi ne matsala ba, domin a Panteka akwai masu walda da za su ƙera mazaunin inji da akwatin batir yadda ake so. Inda kuɗi ke tafiya, kuma inda kuskure ke da tsada, shi ne batir, wanda sau da yawa shi kaɗai ya fi duk sauran kayan aikin kuɗi.

Kafin a tambayi farashi, ya kamata a fara lissafa tafiyar da motar za ta riƙa yi a rana. Ana auna cikin batir da kilowat-awa, wanda shi ne dai yunit ɗin da muke saya a mitar gida. Mota matsakaiciya takan yi kilomita 5 zuwa 6 da yunit ɗaya, saboda haka mai zirga-zirgar kilomita 50 a cikin gari, tsakanin Kawo da Tudun Wada da Kakuri, zai ci kimanin yunit 10, kuma zai fi samun kwanciyar hankali da batir mai yunit 15. Mai son zuwa Zariya, wadda ke da nisan kimanin kilomita 80, ya dawo ba tare da ya yi caji a can ba, yana bukatar fiye da yunit 30. Sai kuma ƙarfin wutar da injin da na'urar sarrafa shi suke nema, wanda a ƙananan ayyuka yakan zama bolt 96 ko 144, kuma shi ne zai faɗi yawan ƙwayoyin batir da za a jera.

Abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne batirin dalma, irin mai ruwa da ake sa wa inbata, domin yana ko'ina kuma kowa ya san shi. Guda ɗaya mai bolt 12 da amfiya-awa 200 (awon yawan cajin da yake riƙewa) yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce, nauyinsa kuwa ya kai kilo 60. Guda takwas za su ba da bolt 96 da yunit 19, amma da nauyin kusan rabin tan, kamar an ɗora wa motar buhun siminti tara ko goma da ba a saukewa. Ga shi kuma rabin wutar da ke ciki kawai ake iya sha idan ana son ya yi ƙarko, kuma idan aka ja shi da ƙarfi, kamar yadda mota ke yi a duk tashi daga danja, abin da yake bayarwa yana ƙara raguwa. Araha ba ta ado: batirin dalma zai iya yi wa keken dakon kaya a cikin kasuwa, amma a mota wahalar da safirin da birki kawai zai yi.

Na biyu shi ne tattara ƙananan ƙwayoyin litiyam masu lamba 18650 daga matattun baturan kwamfutar tafi-da-gidanka. Lambar girmansu take nunawa, wato kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Masu sha'awar wannan hanya sukan kafa hujja da cewa Tesla, mai ƙera motocin lantarki a Amurka, ita ma da irinsu ta fara, kuma gaskiya ne, domin batirin motarta Model S mai yunit 85 yana da guda 7,104. Sai dai nata sababbi ne, daga masana'anta ɗaya, kowace da siririyar wayar da ke tsinkewa idan ta sami matsala, ga kuma ruwan sanyaya da ke ratsa tsakaninsu. Tsohuwar ƙwaya da ta saura da kimanin wat-awa 7 za a nemi kusan 2,800 irinta kafin a tara yunit 20, kuma dole a gwada kowace ɗaya, a ware masu zafi da masu zubar da caji, sannan a liƙa su da walda ta musamman. Guda ɗaya da ta kama wuta tana iya kunna maƙwabtanta, kuma wutar irin wannan batir ba ta mutuwa da sauƙi. A ganina wannan aikin koyo ne da ya dace da fitila ko keke, ba motar da za a ɗauki iyali a ciki ba.

Zaɓi na uku ya fi waɗannan ma'ana, wato sassan batirin da aka ciro daga motocin lantarki da suka yi haɗari a ƙasashen waje. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a ƙarshen 2010, tana da batir mai yunit 24 da aka kasa gida 48, kowane kaso a cikin gwangwani mai kamar na kifi, mai bolt kimanin 7.6 da nauyin da bai kai kilo 4 ba. Suna da sauƙin jerawa da ɗaurewa, kuma an yi su ne domin jan mota. Illarsu ita ce zafi: batirin wannan Leaf ɗin ba shi da tsarin sanyaya da ruwa, kuma tun a 2012 masu motar a jihar Arizona ta Amurka suka koka da saurin raguwar ƙarfinsa, abin da ya kamata wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Kaduna ya yi la'akari da shi. Kason Model S kuwa yana ɗauke da fiye da yunit 5 a nauyin kilo 25 kacal, amma yana bukatar famfo da lagireto, kuma ba ya yafe cajin da ya wuce ƙa'ida. Duk wanda zai sayi na hannu, to ya sa a cika shi a sauke shi da na'urar gwaji a gabansa, domin awon bolt kaɗai ba ya nuna abin da ya rage a ciki. Kada kuma a ruɗu da batirin tsohuwar Prius, motar Toyota mai haɗa fetur da lantarki, da ake gani wajen masu kayan gwanjo, domin duk girmansa yunit 1.3 ne kawai a cikinsa.

Wanda na fi karkata gare shi shi ne sababbin ƙwayoyin LFP masu siffar bulo, wato litiyam da aka haɗa da ƙarfe da fosfet, irin waɗanda masu harkar sola suka riga suka saba da su. Kowace ƙwaya bolt 3.2 ce, ana cika ta zuwa 3.65, ba a kuma barin ta sauka ƙasa da 2.5. Mai amfiya-awa 280, irin ta kamfanonin EVE da CATL na ƙasar Sin, nauyinta ya ɗan haura kilo 5, don haka guda 30 za su ba da bolt 96 da kusan yunit 27 a nauyin kimanin kilo 160, kashi ɗaya cikin uku na nauyin dalma ke nan. Suna jure caji da saukewa sau dubbai, suna da wuyar kama wuta idan aka kwatanta da sauran dangin litiyam, kuma sun fi haƙuri da yanayinmu, ko da yake su ma ba a son a bar su suna gasuwa a rana.

Akwai abubuwa biyu da mai saye zai bincika a nan. Yawancin waɗannan manyan ƙwayoyi an yi su ne domin ajiyar wuta a gida, kuma iyakar abin da aka yarda a ja daga gare su a kai a kai shi ne daidai da lambar da ke jikinsu. Mai 280 za ta ba da amfiya 280, kimanin kilowat 27 a bolt 96, wanda ya isa tafiyar cikin gari, amma mai 100 ba za ta kai kilowat 10 ba, sai dai in takardar masana'anta ta nuna an yi ta domin ja mai ƙarfi. Na biyu shi ne daraja: akwai na zaɓe, akwai kuma waɗanda suka faɗi gwajin masana'anta aka sayar da su da rahusa. Alamar QR da aka kankare ko aka sake bugawa, kumburin ciki, da bambancin awo tsakanin ƙwayoyin kwali ɗaya, duk dalilai ne na fasa ciniki.

Kowane iri aka zaɓa, ba a haɗa batirin litiyam ba tare da na'urar BMS ba, wadda ke lura da kowace ƙwaya, tana daidaita su, tana kuma yanke wuta idan ɗaya ta cika fiye da kima ko ta yi zafi. Yawancin waɗanda ake sayarwa domin sola ba sa wuce ƙwaya 16 ko 24, saboda haka jerin 30 ko 45, wato na bolt 96 ko 144, yana bukatar irin ta mota, kamar mai suna Orion. Fiyus da babban makunni su zama na wutar batir, domin na wutar gida ba sa iya kashe tartsatsinta, manyan wayoyi kuma su kai murabba'in milimita 50 zuwa 70. Akwatin ya matse ƙwayoyin kada su riƙa gogar juna a ramukan hanya, ya hana ƙurar hunturu da ruwan damina shiga, a kuma raba nauyin tsakanin gaba da baya maimakon a jibge shi duka a but. Wutar batir da ta haura bolt 60 tana iya kisa, don haka ɗan rewaya da ya saba da bolt 12 yana bukatar safar hannu ta roba da sifanu masu rufi kafin ya taɓa wannan.

A ƙarshe a duba caja tun kafin a biya kuɗin batir. Soket ɗin gida mai amfiya 13 kimanin kilowat 3 yake iya bayarwa, wato batir mai yunit 27 zai ci awa tara ko fiye kafin ya cika. Wanda unguwarsu ba ta samun wuta mai tsawon haka, sai ya sa kuɗin faifan sola a cikin lissafinsa, ko kuma ya rage girman batirin zuwa abin da zai iya cikawa a dare ɗaya.