Gargaɗi: ya cinye min dala 2,300 da sunan gidan hutu a Alacati

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Dala 2,300 wani mara tsoron Allah ya cinye min da sunan zai kama mana gidan hutu a Alacati, can lardin Izmir na Turkiyya, kuma yau ɗin nan na ga ya buɗe sabon shafi a Instagram da hotunan gidan nan dai. Shi ya sa na ce sai na yi magana, mai dariya ya yi.

Kafin wata ta zo min da "ai Hajiya ke kika yi sakaci", ku sani ni ba baƙuwar Turkiyya ba ce. Shekara da shekaru ina saro kaya a Istanbul. Laleli, Merter, Osmanbey, ba lungun da ban taka ba, kuma ko kwali ɗaya bai taɓa ɓace min a kargo ba. Hutu ne kawai ban taɓa yi a ƙasar ba. Bana na ce bari in ɗauki Mama da 'yan matana su ma su ga teku.

Ɗan Najeriya ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ba hoto kawai ya turo ba balle a ce ban bincika ba. Kiran bidiyo ya yi min yana tsaye a tsakar gidan. Na ga ginin dutse, na ga ƙofa shuɗiya, na ga bishiyar lemon tsami a gefen wurin ninkaya, har ya tsinki ɗaya ya kawo shi jikin kyamara. Sai ya ce, "Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, yankin nan na masu giya ne. Urla da za ku wuce a hanya duk gonakin inabi ne, Alacati kuma da daddare ba wurin yara ba ne. Amma wannan gidan katanga ta rufe ruwan ruf, 'yan matanki su yi wanka ba idon da zai gan su." To ku gaya min, wace uwa ce ba za ta saki jiki ba? Kuma ba ƙarya ya yi ba a nan. Urla tana kan hanyar Izmir zuwa Ceshme, an san ta da gidajen matsar inabi, Turawa har yawon ɗanɗana giya suke zuwa yi. Gidajen haya masu rufaffen wurin ninkaya don iyalan Musulmi su ma akwai su da gaske a Turkiyya. Gaskiya ya faɗa min ya ɗora ƙarya a kai.

Abin da ya fi tsaya min a rai, cewa ya yi in ba Mama wayar. "Mama, ina wuni, a sa mu a addu'a." Mama ta sa masa albarka. Ta sa masa albarka fa! Sannan ya ce bari ya je ya yi La'asar ya sake kira. Wannan La'asar ɗin nake ta juyawa a raina kullum.

Kuɗin sau biyu na tura. Dala 1,400 ne na ƙarshe, wai wani iyali daga Jamus na neman gidan, kuma Agusta ce, lokacin da ba a samun ko ɗaki a bakin tekun nan, in ban cika ba maigidan zai ba su. A'a, kafin nan ma ya turo takardar yarjejeniya da hatimi da komai, da Turkanci. Ko bayan na fara biya ne ya turo, oho, duk yana cikin wayata. Na farko dai dala 900 ne, kafin alƙalami. Asusun banki ne na Turkiyya sak, lambar ta fara da TR, sunan wata mace, ya ce matar maigidan ce. 900 da 1,400. Dala 2,300, ribar kwantenar da na sha wahala a kanta.

Muka sauka filin jirgin Adnan Menderes na Izmir, direban da ya ce zai tarbe mu babu shi babu alamarsa. Na kira, a kashe. Na ce wataƙila caji ne. Muka hau bas zuwa Ceshme, gundumar da Alacati ke ciki, tafiyar kilomita tamanin da wani abu, Mama da ciwon sukarinta ba ta ci komai ba tun Istanbul. Yaran suna ta leƙen taga suna murna, ƙaramar tana tambaya yaushe za mu je Ilija, bakin ruwan nan mai farin yashi da ɗumi da ya yi ta kwaɗaita musu.

Gidan yana nan. Wannan ne ya fi min ciwo, gidan yana nan, ƙofar shuɗiya ce, bishiyar lemon tana nan inda na gan ta. Amma ɗan ƙaramin otel ne na wata dattijuwa Baturkiya, kuma cike yake da baƙi. Da manhajar fassara muka yi magana. Na nuna mata hotonsa, ta riƙe baki. Ta ce ya taɓa kama ɗaki a wurinta ya kwana, ya yi ta yawo da waya a tsakar gida, kuma ba mu ne na farko da suka zo mata da akwatuna ba. Wato ranar da yake tsinkar min lemo, baƙo ne shi ma, kuɗin kwana ɗaya ya biya ya ci dala 2,300.

Mama ta zauna kan akwati a lungun nan mai daɓen duwatsu, rana tana dukanta, mutane na wucewa da gajerun wanduna suna kallonmu. Matar nan Allah ya saka mata, ta shigar da mu inuwa, ta kawo shayi a 'yan kofunan gilas ɗin nan nasu da burodi da cuku. Mama ba ta ce min uffan ba. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Na manta ban faɗa ba, tun muna Kano sai da na sa ya turo hoton fasfonsa, ya turo. Na sa ya turo adireshi, na duba a taswirar Google, ga gidan nan. Me kuma ake so mutum ya yi? Masu cewa "da kin tambaye ni", ina kuke lokacin?

'Yan sanda sun ɗauki bayanina, sun karɓi lambar asusun, suka ce maganar za ta je ofishin mai gabatar da ƙara. Wanda ya yi mana tafinta ya ce irin waɗannan asusun galibi aronsu ake yi a hannun talakawa a ba su ɗan wani abu, kuɗi na shiga a kwashe. Muka koma Izmir muka kama otel mai araha a Basmane kusa da tashar jirgin ƙasa, wani kuɗin daban. Na kai yaran hasumiyar agogo ta Konak da kasuwar Kemeralti don kada a ce ba su ga komai ba. Garin yana da kyau, ba laifin Izmir a ciki, amma ni ko ruwan tekun ban iya kallo ba.

Hotunan hirarmu, rasit biyu, takardar bogin, da saƙon muryarsa yana rantsuwa da Allah, duk zan ɗora su da zarar lauya ya ce in saki. Ban goge ko ɗaya ba.

Ku dai kada ku tura kuɗi asusun mutum. Kamfanin yawon buɗe ido na gaske yana da lambar rajista ta TÜRSAB, wato ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta Turkiyya, ku duba ta a shafin ƙungiyar. Gidan haya na 'yan kwanaki kuma tun farkon 2024 doka ta ce sai da izinin ma'aikatar yawon buɗe ido da allo a ƙofa, ku nemi lambar. Kiran bidiyo ba hujja ba ne.

Duk wadda ya taɓa yi wa haka, a Alacati ko Ceshme ko ma ina ne, ta yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗa ƙara. Kai kuma na san kana karantawa da sabon shafinka. Dala 2,300, da albarkar da ka sa tsohuwa ta sa maka. Ban yafe ba.