Kafin ka sayi tsohon jirgin waya, duba mazaunin injinsa

Mai neman ƙaramin jirgin saman nan na wasa da ake tuƙawa da waya biyu yana kewaya matuƙinsa, irin wanda Jim Walker ya yaɗa a Amurka da samfurin Fireball tun 1940, fenti ne ke fara ɗaukar masa ido. Ni kuwa hancin jirgin nake fara kamawa, domin nan ne wahalar take.

Mafi yawan injunan da ke da ɗan girma, kamar Fox .35, suna da kunnuwa biyu a gefe, ana ɗaure su da noti a kan sanduna biyu na katako mai tauri da aka dasa cikin jikin jirgin. Ƙananan kuma, irin Cox .049 Babe Bee, ta baya ake ɗaure su da sukuru huɗu a jikin falankin gaba. Wannan na biyun ba tsada, ba wuyar gyara, ya dace da yaro mai koyo. Aibinsa ɗaya: in jirgin ya daki ƙasa da hanci, falankin kan ɓalle gaba ɗaya.

A kan sandunan ma akwai zaɓi. Jirgi mai siririn jiki kamar Ringmaster na kamfanin Sterling, a kwance injinsa yake, kan silinda na kallon waje da da'irar da jirgin ke kewayawa. Komai a fili, tanki da bututun mai duk kana gani. Sai dai siririn hanci yana karkarwa, mai ya yi kumfa a tanki, inji ya riƙa shaƙewa. Jirgin Nobler na George Aldrich kuwa injinsa a kife yake cikin murfi. Ya fi kyau nesa ba kusa ba, hancinsa kuma ya fi ƙarfi, amma mai kan taru a kan silinda, har masu shi kan juya jirgin rigingine kafin su tayar da shi. Inji a tsaye ya fi duka sauƙin tayarwa.

In na farko ne za ka saya, ɗauki mai kwantaccen inji. Kuskurenka za ka gani da idonka, ka gyara a filin.

Ko wanne ka zaɓa, danna katakon mazaunin injin da farce. Man zurma da ke cikin man waɗannan injuna yana jiƙa itace shekara da shekaru, ya yi laushi, gam ya daina kama shi, noti ya nutse. Kama farfela ka girgiza a hankali. In injin ya motsa, rage kuɗi ko ka haƙura. Idan ka ga washa a ƙarƙashin ramukan noti na gaba na kwantaccen inji, kada ka cire. Da gangan aka sa don injin ya ɗan karkata waje, wayoyi su zauna a miƙe.