Sharhi kan ProjectX da ffmpeg: gyaran saɓanin murya da hoto kafin a buga rikodin talabijin a faifan DVD

Har yanzu ana buga faifai a Legas, musamman bayan azumi, lokacin da dattawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 kan buƙaci tafsirin da aka ɗauka daga dikoda a zuba musu a DVD, su kalla a falo ko su aika gida. Ƙorafin da ke dawowa kullum ɗaya ne: malam ya rufe baki amma murya na ci gaba da fita, ko a wasan ƙwallo a ji ihun mai sharhi kafin a buga ƙwallon. Da yawa kan ɗora laifin a kan faifai ko na'urar bugawa, su shiga mota zuwa Computer Village su sayo sabuwa. Asarar kuɗi ce. Na'urar bugawa abin da aka ba ta take kwafewa, ba ta matsar da murya ko da ƙiftawar ido. Ɓarnar tana cikin fayil ɗin tun kafin ya isa faifai, kuma manhajoji biyu na kyauta da na yi aiki da su, ProjectX da ffmpeg, sun isa su gyara mafi yawanta idan an san wacce za a ɗauka.

Kafin komai, buɗe ainihin rikodin a VLC, manhajar kallon bidiyo a kwamfuta, ka duba wuri uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Nemi inda mai magana ke furta "b" ko "m", don a nan leɓɓa ke haɗuwa. Maɓallin K yana jinkirta murya da milisakan 50 (milisakan dubu ne sakan ɗaya), J kuma yana gaggauta ta da 50. Rubuta lambar da ta daidaita a kowane wuri. Idan lambar ɗaya ce a duka ukun, saɓani ne tsayayye, shi ne mafi sauƙi. Idan tana ƙaruwa a hankali, gudun hoto da na murya ne bai zo ɗaya ba. Idan kuwa a faifan da aka buga ne komai lafiya har wani minti sannan ya karkace farat ɗaya, rikodin ne ya sami giɓi. Ba sai an nemi sifili ba: ma'aunin ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ya nuna mai kallo na fara lura ne idan murya ta riga hoto da milisakan 45, ko ta yi latti da 125.

Nau'i na uku shi ne ciwon Legas. Dikodar tashoshin kyauta tana ajiye shiri a filash a fayil mai ƙarshen .ts, wato ƙananan ƙunsoshi masu bayit 188 kowanne, na hoto da na murya a gauraye, da hatimin lokaci da ke gaya wa na'ura yaushe za ta fitar da kowane yanki. Ruwan sama mai ƙarfi irin na watan Yuni yana raunana siginar tauraron ɗan'adam, wasu ƙunsoshin su ɓace. Haka idan wuta ta yi rawa a lokacin juyawa zuwa janareta. VLC ba ta damuwa, don tana bin hatimin lokaci, ta tsallake giɓin ta ci gaba daidai. Shi ya sa fayil ɗin ke kyau a kwamfuta amma ya lalace a faifai. Manhajar haɗa DVD kan raba hoto da murya, ta watsar da hatiman, ta sake jera su daga farko kamar ba abin da ya ɓace. A tsarin PAL da Najeriya ke bi, firam 25 ne a sakan ɗaya, wato hotuna 25 a jere, kowanne milisakan 40. In firam 12 suka ɓace alhali muryarsu na nan, an sami saɓanin kusan rabin sakan daga wannan wuri har ƙarshen shiri, kuma kowane giɓi na gaba yana ƙarawa a kai.

A nan ProjectX ta fi kowa. Tsohuwar manhaja ce, sai an saka Java take tashi, fuskarta kuma cike take da akwatunan zaɓi da za su tsorata baƙo. Amma aikin da ake buƙata kaɗan ne: ɗora fayil, zaɓi demux (raba hoto da murya), danna farawa. Tana bin hatiman lokaci, ta zubar da rukunin firam da ya lalace, sannan ta yanke ko ta cike murya daidai tsawon abin da ta zubar. Yankin murya a tsarin ajiye sauti na MP2 milisakan 24 ne, a na AC-3 kuma 32, don haka kuskuren da kan rage bai kai abin da ido zai kama ba. Za ta ba ka fayil biyu, .m2v na hoto da .mp2 ko .ac3 na murya, tsawonsu ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta sake sarrafa hoton, don haka ingancinsa bai raguwa, kuma shirin awa biyu kan gama cikin mintuna ko a tsohuwar kwamfuta. Kada a rufe ta ba a karanta rahoton da take rubutawa ba. A ciki za a ga minti nawa aka sami giɓi da yawan abin da ta zubar. In giɓin ya faɗo a tsakiyar aya, gara mai faifan ya sani tun da wuri cewa za a ji ɗan tsalle a wurin, don abin da bai shiga rikodin ba babu manhajar da za ta dawo da shi.

Iyakarta kuwa babba ce: hoton MPEG-2, tsohon tsarin matse bidiyo, kawai take sarrafawa. Tashoshi da yawa sun koma H.264, duk masu HD kuma kusan haka suke. Duba fayil ɗinka tukuna da MediaInfo, manhajar da ke nuna nau'in fayil. In ta nuna AVC, wato H.264, kada ka ɓata lokaci da ProjectX.

Akwai wani tarko kafin a kai nan. Filash mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabayit 4, don haka dikoda kan datsa dogon shiri gida-gida. Datsawar ba ta la'akari da inda firam ya ƙare. Wanda ya gyara kowane guntu daban sannan ya haɗa, shi da kansa ya ƙirƙiri giɓi a kowace mahaɗa. A haɗa su tun suna ɗanye, a Windows da umarnin copy /b 000.ts+001.ts cikakke.ts, ana bin sunayen da dikodarka ta ba su. Rikodin dikodar biyan kuɗi kuwa yawanci a kulle yake, ba ya buɗuwa a kwamfuta, wannan bayani bai shafe shi ba.

Ga H.264 sai ffmpeg. Ba ta da fuska, rubutu ake mata, wannan ne ke korar mutane, alhali layi ɗaya ne:

ffmpeg -i cikakke.ts -af aresample=async=1:first_pts=0 -fps_mode cfr -target pal-dvd -aspect 16:9 fita.mpg

Sashen aresample yana cike giɓin murya da shiru ko ya yanke rarar bisa hatimin lokaci. Sashen cfr yana maimaita ko zubar da firam don gudun hoto ya tsaya a 25. Wanda ke da tsohon zubi, kafin 5.1, sai ya rubuta -vsync cfr a madadinsa. Shi kuma pal-dvd yana fitar da abin da faifai ke buƙata: MPEG-2 mai girman 720 da 576, murya AC-3 a 48 kHz. A ganina ffmpeg ba ta kai ProjectX tsafta a kan rikodin da ruwa ya daddatsa ba, domin takan bar firam ɗin da ya farfashe a ga ɗigo-ɗigo na ɗan lokaci, amma murya na zama a wurinta, wanda shi ne abin nema. Tana kuma cin lokaci, tunda sake sarrafa hoton take gaba ɗaya. In babu inbata, a fara aikin lokacin da ake da tabbacin wuta.

A kula da girma. Pal-dvd tana sa hoto a kilobit 6000 a sakan da murya a 448, wanda zai cika faifan gigabayit 4.7 a kusan awa ɗaya da rabi. Shirin awa biyu bai kamata ya wuce megabit 5.2 a sakan gaba ɗaya ba, don haka a ƙara -b:v 4700k -b:a 192k bayan pal-dvd. Ga tafsiri, inda mutum ke zaune kyamara ba ta motsi, wannan ya wadatar sosai. Ga ƙwallo gara a raba faifai biyu.

Saɓani mai ƙaruwa a hankali lissafi ne. Murya mai 44.1 kHz da aka ɗauka a matsayin 48 tana gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, har sautin kan siranta. Firam 30 da aka karanta a 29.97 kan tara sakan 3.6 a awa. Mafi yawan ganinsa shi ne a wajen masu ɗauka da ƙaramar na'urar USB mai wayoyin ja da fari da rawaya, suka bi da murya ta katin sautin kwamfuta: agogo biyu ne, kowanne da gudunsa. A ffmpeg canza async=1 zuwa async=1000, wanda ke ba ta damar miƙa ko matse murya kaɗan-kaɗan. Saɓani tsayayye kuwa Avidemux, manhajar gyaran bidiyo, ta isa: bar hoto a kan Copy, kunna Shift, saka lambar da ka samo a VLC, ka saurara don tabbatar ba ka juya alamar ba.

Bayan gyara ne mutane ke sake ɓata aikin. DVDStyler, manhajar haɗa DVD, tana haɗa menu da babban fayil na VIDEO_TS da kyau, amma in ba a hana ta ba takan sake sarrafa abin da aka riga aka daidaita. Ga fayil ɗin ffmpeg, shiga bayanan bidiyon ka kunna zaɓin da ke hana sake sarrafawa. Ga na ProjectX, dubi girman hoton: DVD na karɓar 720, 704 ko 352 a faɗi, amma wasu tashoshi na watsa 544 ko 480, waɗannan dole a sake sarrafa su in ana so kowace na'ura ta karanta. Fitar da aikin a matsayin ISO, wato kwafin faifai gaba ɗaya a fayil guda, buɗe shi a VLC, sake duba wuraren nan uku, sannan a buga da manhajar ImgBurn a gudun 4x ko 8x tare da kunna Verify. Faifai mara inganci kan sa hoto ya tsaya ko ya yi tsalle, wannan matsala ce daban, kuma kwali ɗaya a kasuwar Alaba kan bambanta da na kusa da shi ko da suna ɗaya ne a jiki, don haka a gwada guda kafin a sayi da yawa.

In ISO ya daidaita a kwamfuta amma aka dawo da ƙorafi daga gida, tambayi yadda aka jona wayoyi. Talabijin ɗin zamani na ɗaukar ɗan lokaci tana sarrafa hoto, don haka in murya ta fita kai tsaye daga DVD zuwa amfilifaya, za ta riga hoton. A bi da muryar ta cikin talabijin, ko a nemi wurin jinkirta sauti a saitin amfilifayar a fara da milisakan 40 zuwa 80.