Keji mai ƙofofin abinci a gefe: ya dace da aku mai tsoron hannu?

Akun da ya sha wuya a wurin mutane ba abin da ya tsana kamar hannu. Da ya ga yatsu sun shigo keji sai ya kama gurnani, ya faɗa jikin ƙarafa yana buga fuffuke har gashi ya karye ya yi jini. Irin wannan tsuntsu ne ya sa kejin ƙarfe mai ƙananan ƙofofin abinci a gefe ya cancanci a saya. Kwanon yana maƙale ne a jikin 'yar ƙofar. Ka zare sakata, ƙofar ta juyo waje da kwanon, ka wanke, ka zuba, ka mayar, hannunka bai shiga ɗakinsa ba. Tiren kashi ma daga waje ake janyo shi. Ciyarwar safe da ta yamma, da a da suke tayar masa da hankali, sun zama lokacin da yake ganin mutum ya zo da alheri ya tafi bai taɓa shi ba. Daga nan yarda take somawa.

Ga aku ruwan toka mai jan wutsiya, kada a sayi wanda ya gaza santimita 90 a faɗi, 60 daga gaba zuwa baya, 120 a tsayi. Faɗin ya fi tsayin muhimmanci, don tsuntsun da ya firgita gefe yake matsawa. Tazarar ƙarafa ta kasance santimita 2 zuwa 2.5, in ta wuce haka zai iya cusa kai ya maƙale.

Amma kejin yana da aibu. Sandunan zama da ake haɗo shi da su sumul suke, kaurinsu ɗaya, kuma aku mai tsoro yakan wuni a wuri guda bai motsa ba. Nauyinsa kullum a kan gurbi ɗaya na tafin ƙafa, sai wurin ya yi ja, ya kumbura, ya zama gyambo. A cire su a sa rassan itace marasa guba, masu kauri daban-daban tsakanin santimita 2.5 da 4. Sakatun ƙananan ƙofofin ma ba su da ƙwari, aku kuwa da baki da harshe yake kwance su, sai an ƙara ɗan kwaɗo. In kwanonin na roba ne a canza su da na ƙarfe mara tsatsa.

Abin da ba a sassauci a kansa shi ne irin ƙarfen. Aku da baki yake hawa keji, yana tsotsar ƙarafa. Waya mai rufin tutiya, ko fenti mai darma, guba ce gare shi: kasala, amai, yawan shan ruwa, wani lokaci har farfaɗiya. In an ga haka, sai wurin likitan dabbobi nan take.

Wurin ajiyewa shi ke sa kejin ya yi amfani. A jingina bayansa da bango, a rufe kusurwa ɗaya ta sama da kyalle don ya sami maɓoya, a kulle tayoyin kada ya riƙa gangarawa. Akun yana bukatar duhu da shiru na awa 10 zuwa 12 kowane dare.

Kada a damƙe shi da tawul a jefa shi sabon kejin, wannan yana rushe yardar da aka daɗe ana ginawa. A ajiye sabon nesa kaɗan da tsohon na 'yan kwanaki, ana matso da shi a hankali, sannan a haɗa ƙofofin biyu baki da baki, a mayar da abincin da ya fi so cikin sabon. Wani aku a yini biyu zai tsallaka, wani sai ya ɗauki makonni yana leƙawa yana komawa.